Mita Hamsin Tsakanin Mota Da Ƙofar Kanti

A ƙauyukan Ingila da ƙananan garuruwanta akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun bayan annobar korona. Yawancin ƙauyukan suna da babban titi guda ɗaya da ya ratsa tsakiyarsu, kuma a bakinsa komai yake: gidan waya, kantin magani, gidan burodi, majami'a, zauren taron jama'a, wani lokaci har da ɗan asibitin sha-ka-tafi. A zamanin keken doki aka fitar da titin, yau kuwa manyan motocin dakon kaya ne ke kutsawa ta cikinsa, suna wucewa daf da bangon gidajen da suka shekara ɗari biyu ko uku. Idan abin ya ishi mutane, sai kansiloli su kawo shawarar a hana motoci shiga tsakiyar gari, a shimfiɗa dutse, a dasa itatuwa, a bar wa masu tafiya a ƙafa wurin. Da wuya a tashi daga irin wannan taro ba tare da wani ya ɗaga hannu ya tambayi inda naƙasassu za su ajiye motocinsu ba.

Amsar da aka saba bayarwa ta lissafi ce. A ce da can akwai gurabe huɗu na naƙasassu a bakin titi, sai a nuna taswira a ce yanzu an tanadi shida a babban filin ajiye motoci da ke bayan gari, wato ƙari ma aka yi. Wannan amsa tana gamsar da mai lafiyar ƙafa, domin shi tafiyar minti huɗu ba komai ba ce a wurinsa. Amma ta kauce wa tambayar da aka yi. Amfanin gurbin naƙasasshe yana cikin kusancinsa da ƙofar da mutum zai shiga, kuma gwamnatin Birtaniya da kanta ta riga ta faɗi iyakar wannan kusanci da adadi.

Adadin shi ne mita 50. A Ingila, wanda hukumar biyan alawus ɗin naƙasa ta tantance cewa ba zai iya tafiyar da ta wuce mita 50 ba, ya cancanci katin ajiye mota na naƙasassu kai tsaye, ba sai an sake gwada shi ba. Kundin jagora na Ma'aikatar Sufuri mai suna Inclusive Mobility, wanda aka fara fitarwa a 2002 aka sabunta a ƙarshen 2021, ya jera nisan da bai kamata a wuce ba kafin mutum ya sami wurin hutawa: mita 150 ga mai keken guragu da makaho, mita 100 ga mai wahalar tafiya da ba ya riƙe sanda, mita 50 ga mai dogara sanda. Ya kuma ba da shawarar gurbin naƙasassu ya kasance cikin mita 50 daga wurin da aka yi shi dominsa. Mita 50 bai fi rabin tsawon filin ƙwallo ba. To, hukumar da ta ba mutum kati a kan cewa ba zai iya wuce wannan nisa ba, sannan ta mayar da gurbinsa mita 300 daga kantin magani, ta ƙwace masa kantin ne, ko gurabe nawa ta zana masa a can.

Kuma tafiyar ba zuwa kaɗai ba ce. Akwai dawowa da leda a hannu, a kan dutsen da ruwan sama ya jiƙa, sau da yawa a kan gangara.

Shi wannan kati da suke kira Blue Badge, wato shuɗin kati, yana da tarihin da ya kamata a sani. Wani ɗan majalisa daga Manchester, Alf Morris, wanda mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da naƙasa, shi ne ya gabatar da dokar kula da naƙasassu da masu doguwar jinya ta 1970. Daga cikinta aka fitar da katin a 1971, a lokacin yana da launin lemo, sai a shekara ta 2000 aka mayar da shi shuɗi don ya dace da na sauran ƙasashen Turai. A Agustan 2019 Ingila ta faɗaɗa shi ya haɗa da naƙasar da ido ba ya gani, kamar ciwon mantuwa na tsufa da wasu lalurorin ƙwaƙwalwa. Yau mutum fiye da miliyan biyu da rabi ke riƙe da shi a Ingila. Na mutum ne, ba na mota ba, saboda haka ɗa zai iya ɗauko mahaifiyarsa ya kafa katinta a gilashin gaba. Babban ƙarfinsa kuma ba a guraben da aka zana yake ba. Yana ba mai shi damar tsayawa har awa uku a kan layi mai ruwan ɗorawa na gefen titi, inda aka hana kowa tsayawa, muddin ba wurin da aka hana lodi da sauke kaya ba ne. Wannan dama ce ke mutuwa shiru ranar da aka rufe titi, kuma ba ta fitowa a lissafin kansiloli, domin tun farko ba gurbi ba ce da za a ƙirga.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar York. Birni ne, ba ƙauye ba, amma tsakiyarsa tsohuwar unguwa ce mai ƙananan lunguna a cikin ganuwa, kuma abin da ya faru a can shi ake ambata a tarurrukan ƙauyuka. Shekaru da dama an hana motoci shiga tsakiyar York da rana, amma an bar wa masu shuɗin kati wasu tituna, irin su Goodramgate da Blake Street da Lendal, su shiga su tsaya. A tsakiyar 2020 majalisar birnin ta janye wannan dama na ɗan lokaci, don a sami sararin ba da tazara da kuma wurin da gidajen abinci za su fito da teburansu waje. A Nuwamban 2021 majalisar, wadda jam'iyyun Liberal Democrat da Green ke jagoranta, ta mayar da hanin na dindindin. Dalilin ya sauya a wannan karo, ya koma na tsaro. Bayan harin da aka kai da babbar mota a Nice ta Faransa a Yulin 2016, inda mutum 86 suka mutu, da hare-haren gadojin Landan na 2017, 'yan sandan yaƙi da ta'addanci sun shawarci biranen da ke tara jama'a su kafa turakun ƙarfe su rage motocin da ke shiga cikin taro.

Ba ƙaramin dalili ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Wanda aka ɗora wa alhakin rayukan dubban baƙi a kasuwar Kirsimeti ba zai yi wasa da gargaɗin 'yan sanda ba. Majalisar ta yi alkawarin ƙarin gurabe a gefen yankin, da kujerun hutawa, da tallafi ga masu ba da hayar keken lantarki. Sai dai naƙasassun birnin suka ce duk wannan bai kai su banki ko wurin likitan ido ba. Ƙungiyoyi fiye da ashirin, na naƙasassu da tsofaffi da masu kula da majinyata, suka haɗu a gangamin da suka kira Reverse the Ban, suna neman a soke hanin. Sun kai wa majalisar katunan koke fiye da 2,000. 'Yar majalisar dokoki ta York ta Tsakiya, Rachael Maskell, ta mara musu baya, haka ma fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo Judi Dench, wadda haifaffiyar garin ce. Abin ya fi zafi saboda York ce ta ayyana kanta a 2017 a matsayin birnin haƙƙin ɗan'adam na farko a Birtaniya.

A zaɓen Mayun 2023 jam'iyyar Labour, wadda ta sa soke hanin cikin alkawuranta, ta ci kujeru 24 daga cikin 47 ta karɓi majalisar. A Janairun 2024 masu shuɗin kati suka fara komawa ta Goodramgate, inda ma'aikaci ke tsaye a bakin shinge yana duba kati kafin ya buɗe. Turakun suna nan, tsaron yana nan, naƙasassu kuma suna shiga. Mafitar ba ta buƙaci wata sabuwar fasaha ba, albashin mai gadi ta buƙata da niyyar biya. Abin takaicin shi ne shekara uku da rabi da mutane suka yi a waje kafin a yarda da haka, kuma a cikinsu akwai tsofaffi da majinyatan da shekara uku ba ƙaramin kaso ba ne na abin da ya rage musu.

Duk da haka, wanda ya ɗauki labarin York ya ce a bar motoci su ci gaba da cika tsakiyar ƙauye ya yi wa naƙasassu wani zaluncin daban. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Birtaniya yana da wata naƙasa bisa ƙididdigar gwamnati, wato masu shuɗin kati 'yan tsiraru ne a cikinsu. Da yawa ba su da mota ko kaɗan. Mai asma yana shan hayaƙin motocin da suka yi cirko-cirko. Kurma ba ya jin motar da ta taho ta bayansa. Mai keken guragu da ya tarar da mota ta hau dakalin masu tafiya dole ya sauka kan kwalta ya yi gogayya da manyan motoci, matsalar da ta sa Landan ta hana hawa dakali tun 1974, Edinburgh kuma ta fara cin tara a kanta a Janairun 2024. Duk waɗannan, titin da babu mota rahama ne a gare su.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta cancanci a faɗe ta fili. Wasu masu adawa da rufe titi ba sa tuna naƙasassu sai ranar da aka taɓa wurin da su kansu suke ajiye mota. Su ne za a gani sun tsaya a gurbin naƙasassu da sunan minti biyu kawai, ko sun ari katin kaka suna zuwa aiki da shi, laifin da tararsa ke kaiwa fam 1,000. 'Yan kasuwa ma sukan yi tsoron da ya wuce gaskiyar lamari. A wani bincike da ƙungiyar Sustrans ta yi a Bristol, masu kantuna sun zaci kashi 41 cikin ɗari na abokan cinikinsu da mota suke zuwa, alhali kashi 22 ne. Naƙasassu suna da tasu hujjar, mai ƙarfi, kuma tana raunana duk lokacin da aka mayar da ita garkuwar masu son komai ya tsaya yadda yake.

Wasu wuraren sun nemi tsaka-tsaki, suka ce mota da mutum su raba titi ɗaya. Poynton, a gundumar Cheshire, ita ce misalin da aka fi sani. Motoci kusan 26,000 ne ke ratsa mahaɗar tsakiyarta kullum. A aikin da aka kammala a 2012 bisa tsarin Ben Hamilton-Baillie, an cire fitilun ba-da-hannu, an matse hanyar mota, an faɗaɗa ta mutane, da tunanin cewa direban da babu fitilar da za ta ba shi izini zai rage gudu ya dubi idon mai tsallakawa. Gudu ya ragu, kuma mutane daga ƙasashe da dama sun je kallo. Amma tsarin da ya dogara da haɗa ido ya manta da wanda ba ya gani. Makaho yana gane iyakar titi ne da bakin dakali, da sandarsa ko ta hanyar karen da aka horar ya tsaya a nan, yana kuma tsallakawa ne da ƙarar da fitila ke yi. A 2015 Lord Holmes, makahon da ya ci lambobin zinare a gasar ninƙaya ta naƙasassu kafin ya shiga majalisar dattawa, ya fitar da rahoto kan irin waɗannan tituna a faɗin ƙasar. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa sun ce ba su ji daɗinsu ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma sun ce kauce musu suke yi. A Yulin 2018 Ma'aikatar Sufuri ta nemi ƙananan hukumomi su dakatar da sababbin ayyukan da ke shafe bambanci tsakanin dakali da kwalta. Ga shi kuwa shimfiɗar bai-ɗaya ita mai keken guragu ya fi so. Bukatun biyu suna karo da juna, kuma ba a warware su sai an zaunar da mutanen biyu a gaban zane ɗaya.

Akwai ƙauyukan da ƙasa ce ta yanke hukunci, ba kansila ba. A Clovelly da ke gaɓar tekun Devon, titin dutse ne ke gangarowa kimanin mita 120 zuwa bakin ruwa, mota ba ta iya binsa, mazauna suna jan kayansu a kan katakon ja kamar yadda a da jakuna ke ɗauka. Ko a can, a lokacin baƙi, akwai motar Land Rover da ke bin wata hanya ta baya tana kai waɗanda ba za su iya gangarar ba. Idan wurin da tudu ya hana mota ya iya samar da ƙofa, ƙauyen da ke kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba shi da uzuri.

Misalin da ya fi amfani yana Pontevedra, a arewa maso yammacin Sifen. Tun 1999, da likita Miguel Anxo Fernández Lores ya zama magajin gari, aka fara fitar da motoci daga tsohon garin. Abin da suka kora shi ne motar da ke ratsawa kawai da wadda ke zagaye tana neman wurin kwana. Motar da ke da dalili, kamar mai sauke tsoho ko majinyaci ko kaya, tana shiga a hankali, kuma a tituna da yawa akwai wuraren tsayawa kyauta na minti 15. Hikimar tana cikin tambayar da suka fara da ita, wato wace mota ce dole ta shigo. Da zarar an yi wannan tambaya, motar naƙasasshe tana cikin na farko da za a lissafa.

Dokar Najeriya ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta wajabta ware gurabe masu alama a wuraren ajiye motoci na jama'a, kuma wa'adin shekara biyar da ta ba gine-gine su gyara ya cika a farkon 2024. Duk mai zanen sabuwar kasuwa ko sakatariya da zai cika wannan sharaɗi zai gamu da tambayar nisa ɗin nan.

A ƙauyen Ingila matsalar ta fi ta birni tsanani ta wata fuska, ta fi sauƙi ta wata. Ta fi tsanani domin kusan rubu'in mazauna karkara sun haura shekara 65, layukan jirgin ƙasa na ƙauyuka da yawa an rufe su tun bayan rahoton Beeching na 1963, motocin bas kuma sun ragu ƙwarai, har akwai wuraren da ba a ganin ko ɗaya ranar Lahadi. Birni yana da kantin magani na biyu da na uku, ƙauye ɗaya gare shi. Ta fi sauƙi kuwa domin yankin da ake son rufewa bai cika wuce mita ɗari biyu ko uku ba. Gurabe biyu a kowane bakinsa, wasu a lungun da ke ɓullowa tsakiya, da kujera mai majingina da hannu a kowace mita 50, sun isa su sa yawancin ƙofofi cikin iyakar da jagoran gwamnati ya faɗa. Sai dai gurbin ya zama na gaske: tsawon mita 6.6 a gefen titi don motar da ke sauke keke ta baya, da dakali mai gangara daf da shi, a kan ƙasa madaidaiciya. Inda hakan bai yiwu ba, a buɗe wa masu kati titin da safe da yamma, kamar yadda ake buɗe wa masu kawo kaya. Abin mamaki ne yadda ake samun sa'o'in shigar motar giya da ta burodi cikin sauƙi, amma ta mutum ta zama abin doguwar muhawara.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin jin ra'ayi. Majalisar ƙauye tana iya kawo shawara, amma ikon rufe titi yana hannun hukumar hanyoyi ta gunduma, ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta 1984. Oda ta dindindin tana ba da aƙalla kwana 21 na ƙorafi. Ta gwaji tana iya kaiwa wata 18, kuma ana fara aiki da ita ne sannan a karɓi ƙorafi a wata shidan farko. Sanarwar kan fito a jarida, a intanet, da takardar da aka ɗaure a jikin turken fitila da ƙananan haruffa. Makaho ba zai karanta ta ba, wanda ba ya iya isa titin ba zai gan ta ba, taron kuma ana iya yin sa da dare a bene marar lif. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa hukumomi su duba tasirin matakinsu a kan naƙasassu, amma sau da yawa ana cika takardar ne bayan an gama zane. Lokacin da ƙungiyar Transport for All ta tattauna da naƙasassu 84 don rahotonta na Janairun 2021 kan unguwannin da aka taƙaita wa motoci, ra'ayinsu ya rabu a kan tsarin kansa, amma mafi yawansu sun haɗu a kan cewa ba a sanar da su yadda ya kamata ba, balle a tambaye su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gyaran zane a takarda ya fi arha nesa ba kusa ba a kan fasa dutsen da aka riga aka shimfiɗa.

Bayan an rufe titi, hukuma takan kafa na'urar ƙirga masu wucewa, ta fito bayan shekara ta ce jama'a sun ƙaru. Yawanci gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne. Amma na'urar tana ƙirga waɗanda suka zo ne kawai. Tsohuwar da ta daina zuwa karɓar maganinta da kanta, ta koma aiken jikanta ko jiran mai kawowa gida, ba ta bayyana a wannan adadi ko a matsayin ragi, domin baƙi goma sun maye gurbinta. Sunanta da adireshinta kuwa suna ofishin gundumar da ta ba ta katin, sau da yawa ita ce dai hukumar da ta sa hannu a odar rufe titin. Aika wasiƙa ga kowane mai shuɗin kati a yankin, sau ɗaya kafin a fara zane, sau ɗaya bayan wata shida, a tambaye shi ko har yanzu yana iya isa kantin magani da gidan waya, bai kai kuɗin turken ƙarfe guda ba.